Yadda ake gane shekarun jita da asalinta daga lambar da ke jikinta

Da yawa daga cikin jitocin da ke yawo a hannun makaɗanmu, daga Agadas har Kano, na hannu ne. Sun biyo kayan gwanjo daga Turai ko Amurka, babu rasit, babu takarda, sai abin da mai sayarwa ya faɗa. Shi kuwa zai rantse maka cewa tsohuwar Amurka ce. Kafin ka yi cinikin biri a sama, ka nemi lambar da masana'anta ta buga a jikinta, wadda ake kira siriyal. Ita ce shaidarka ta farko, kodayake ba ita kaɗai za ka saurara ba.

Mataki na farko: nemo lambar

Ka tanadi tocila, da wayar ɗaukar hoto, da ƙaramin sukundireba. Gibson, Fender da Martin kamfanonin ƙera jita ne na Amurka. Gibson na buga lambarta a ƙeyar kan jita, wato bayan wurin da ake ɗaure tsirkiya. Fender kuwa, kafin 1976 galibi tana buga ta a ɗan farantin ƙarfen da ke haɗa wuya da gangar jiki ta baya, daga 1976 ta mayar da ita kai. Idan jitar katako ce mai rami irin Martin, haska tocila cikin ramin, ka dubi gungumen da wuya ya zauna a kansa. Ɗauki hoto ka faɗaɗa shi, domin 3 da 8 suna yawan rikita ido idan fenti ya cike su.

Mataki na biyu: karanta ta da ƙa'idar gidansu

Kowane kamfani da tsarinsa. Na Gibson ya fi daɗin karatu. Daga 1977 lambar takwas ce: ta farko da ta biyar su ne shekara, ukun da ke tsakaninsu su ne ranar da aka buga lambar a cikin shekara, ukun ƙarshe kuma jerin jitar a ranar. A ce ka ga 91433612. Haɗa 9 da 3, ka samu 1993. Sai 143, wato rana ta 143, wadda ta faɗo 23 ga Mayu. Waɗannan ukun na ƙarshe suna da wani amfani a tsofaffin jitoci: har zuwa 1984, lokacin da aka rufe masana'antar Gibson ta garin Kalamazoo, 001 zuwa 499 na nufin can aka yi ta, 500 zuwa sama kuma a masana'antarta ta garin Nashville. A 2005 suka ƙara lamba ɗaya a gurbi na shida, ta koma tara, amma karatun shekara bai canza ba. Daga 2014 zuwa tsakiyar 2019 ne suka sauya salo, biyun farko suka zama shekarar samfurin.

Gibson ta tsakanin 1961 da 1969 kuwa, kada ka wahalar da kanka. A wancan zamani sun maimaita lambobi, har lamba ɗaya kan fito a shekaru biyu ko uku daban. Abin da zai ɗan taimake ka shi ne tambarin "Made in USA" a ƙasan lambar, wanda sai a 1970 aka fara bugawa.

Fender da harafi take farawa. S na nufin shekarun 1970, E 1980, N 1990, Z 2000, lambar da ke biye kuma ita ce shekarar: S8 ita ce 1978, Z3 ita ce 2003. Daga 2010 sai ka ga US da lambobi biyu, kamar US14. Na masana'antar Ensenada a Meziko suna da M a gaba: MN, MZ, sannan MX daga 2010. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Fender ta kan buga takardun lambar da yawa ta ajiye, ta yi ta liƙawa har su ƙare, shi ya sa ake samun S9 a jitar 1981, E4 kuma a jitar 1987. An ma liƙa N9 a wasu jitocin 1990, don haka N9 na iya zama 1990 ko 1999. Ga kuma na Japan na tsakiyar shekarun 1980 da su ma ke farawa da E, sai ka nemi rubutun ƙasar da aka ƙera ta kafin ka yanke hukunci.

Martin ba ta da wannan rikici. Tun 1898 lambobinta a jere suke tafiya, ta kai miliyan ɗaya a 2004, kuma kamfanin ya wallafa jadawalin lambar ƙarshe ta kowace shekara. Duba kawai za ka yi. Sunan samfurin ma, irin su D-28, yana nan a saman lambar.

Mataki na uku: kira wasu shaidu

Ni dai wannan matakin na fi ba wa muhimmanci, domin lamba ba ta da wuyar kwaikwayo, kuma wuyan Fender kwance shi ake yi, galibi da noti huɗu. Ana iya ɗaura wuyan asali a jikin jabu, lambar ta fito daidai, alhali rabin jitar ba ita ba ce.

Da izinin mai ita, buɗe murfin da ke rufe wayoyi, ka dubi bayan maɓallan da ake murɗawa don ƙara sauti. A jikin kowanne akwai lambar kamfanin da ya ƙera shi. Idan ta fara da 137, na CTS ne, 304 kuma Stackpole. Sauran lambobin shekara ne da mako: 1377423 na nufin 1974, mako na 23. Jita ba za ta girmi maɓallanta na asali ba, to idan siriyal ta ce 1972 su kuma suka ce 1974, ko dai an canza su, ko labarin da aka ba ka ne bai cika ba. Dubi dalmar da ta riƙe wayoyin: sabuwa mai sheƙi a cikin tsohuwar jita alama ce ta an taɓa wurin.

A Fender, idan aka sassauta tsirkiya aka cire wuya, sau da yawa akwai kwanan wata a gindinsa, da fensir ko da hatimi. Wannan aikin mai gyara ne, kada ka yi shi a tsaye cikin kasuwa.

Mataki na huɗu: gwada sifa da zamani

Lamba kan faɗi shekara, amma ba kasafai take faɗin samfuri ba, sai sifar jitar. Bayan kamfanin CBS ya sayi Fender a Janairun 1965, kan samfurinta mai suna Stratocaster ya ƙara faɗi a ƙarshen shekarar, farantin baya kuma ya samu babban harafin F. Daga 1971 zuwa farkon shekarun 1980 noti uku ne ke riƙe wuyanta maimakon huɗu. Idan aka nuna maka Stratocaster mai ƙaramin kai aka ce ta 1975 ce, zaren ba kalar yadin ba ne.

Ga Gibson, dubi ɗan murfi mai kamar ƙararrawa da ke kai, kusa da mafarin tsirkiya. Na Les Paul ko SG na asali noti biyu gare shi, jabu kuwa galibi uku. Buɗe shi: na asali za ka ga ƙwayar noti mai kusurwa shida a bakin sandar da ke miƙar da wuya, jabu kuma yawanci rami ne na zura makulli.

Idan duk waɗannan sun yi daidai, tura hotunan lambar da na jitar gaba da baya zuwa sashen hulɗa da masu saye na kamfanin ta shafinsu na intanet. Fender ma tana da wurin da za ka shigar da lambar ka ga samfurin da take da shi a rajista, sai ka gwada launi da sifar da aka nuna maka da wadda ke hannunka, sannan ka fara taya.