Yadda Ake Sayen Tikitin Jirgin Ƙasa na Ƙasashen Waje ta Intanet Idan Kati Ya Ƙi

Mutumin Sakkwato bai saba da jirgin ƙasa ba, domin layin dogo bai iso garin ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya. Amma wanda ya ɗaura niyyar Umara, da mai raka majinyaci Indiya, da ɗan kasuwar da ke zuwa saro kaya Guangzhou, da ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Ingila ko Jamus, duk za su tarar cewa a can jirgin ƙasa abin hawa ne na yau da kullum, kuma kujera ta fi samuwa, sau da yawa ma ta fi araha, idan an saye ta tun ana gida. Wurin biya ne ake samun cikas. Mutum ya zaɓi rana da lokaci, ya cike sunansa da lambar fasfo, ya shigar da lambobin katinsa, sai shafin ya ce ba a karɓi kuɗin ba, alhali kuwa akwai kuɗi a asusu.

Abin da yawancin mutane ke yi a wannan hali shi ne su sake dannawa, su kuma sake, kuma wannan shi ne abin da ya fi ɓata lamarin. Na'urorin da ke sa ido kan zamba, na banki da na kamfanin jirgin, suna ɗaukar yawan gwaji a jere a matsayin alamar katin sata, don haka suna iya toshe katin na wani lokaci. Idan kati ya ƙi sau biyu, a dakata a gano inda ya maƙale. Kuɗin yakan bi ta ƙofa uku kafin tikiti ya fito, wato bankin da ya ba da katin, da matakin tantance mai katin, da kamfanin da ke sayar da tikitin, kuma kowace ƙofa da irin maganinta. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a kira banki, ko a je reshe, a faɗi rana da lokacin da aka gwada, a tambaya ko sun ga buƙatar cire kuɗin. Idan sun gani kuma su ne suka hana, za su faɗi dalili. Idan kuwa ba su ga komai ba, to kamfanin jirgin ne ya mayar da katin tun kafin maganar ta iso Najeriya, kuma zaman jiran banki ɓata lokaci ne.

A fara da katin kansa. Abin da shafukan waje ke kira katin bashi ba shi ne ke aljihun yawancinmu ba. Katin ATM ne muke riƙe da shi, mai cire kuɗi daga abin da mutum ya ajiye, kuma wannan ba matsala ba ce, domin galibin kamfanonin jiragen suna karɓarsa muddin yana ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard. Katin Verve kuwa na hada-hadar cikin gida ne, ba kasafai shafukan jiragen ƙasa na waje ke karɓarsa ba. Sai kuma batun naira. A shekarar 2022, lokacin da dala ta yi wuya, bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala ashirin a wata, daga baya suka dakatar da shi gaba ɗaya. A 2025 wasunsu sun sake buɗe hanyar, amma kowane banki da iyakar da ya sa, wani ta wata, wani ta wata uku. Saboda haka kafin komai a tambayi banki abu uku: shin an buɗe wa wannan katin sayayya a ƙasashen waje, shin an buɗe masa sayayya ta intanet, kuma nawa ne ya rage a cikin iyakar. Biyun farko sukan kasance maɓallai ne daban-daban a cikin manhajar banki, kuma mutum yana iya kunna ɗaya ya manta da ɗayan. Iyakar ma akan cinye ta ba a sani ba, domin kuɗin biza ko na otal da aka biya da katin a makon jiya duk a ciki ake lissafa su.

Wanda tafiya ta zame masa jiki, shawarata ita ce ya buɗe asusun dala ya karɓi katinsa, domin shi ne ya fi ƙarancin rigima. A nemi katin da wuri, kada a bari sai ana saura kwana uku a tashi. Akwai kuma katunan dala na cikin waya da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet ke bayarwa. Suna aiki a wurare da yawa, sai dai wasu kamfanonin jirgi ba sa karɓar katin da ake loda wa kuɗi, kuma da yake katin ba na riƙewa a hannu ba ne, ba zai yi amfani ba a inda ake buƙatar a zura kati a na'ura kafin a karɓi tikiti. Kowane irin kati ne, a bar rarar kuɗi a kan farashin da aka gani, saboda banki zai yi canji da nasa farashin, ya kuma ɗora ladansa. Idan shafin ya ba da zaɓi tsakanin biya da kuɗin ƙasar da biya da wani kuɗin da shi ya canza, a zaɓi kuɗin ƙasar, domin canjin shafi yakan fi tsada.

Ƙofa ta biyu ita ce lambar OTP. Tsarin da ke turo ta ana kiransa 3D Secure, kuma kamfanonin Turai sun tsananta a kansa tun da dokarsu ta wajabta tantance mai kati a cinikin intanet. Bayan an shigar da lambobin kati, wani ƙaramin shafi na banki yakan buɗe yana neman lambar da aka turo ta waya ko ta imel, kuma lambar ba ta wuce 'yan mintuna take mutuwa. A nan rashin sabis mai ƙarfi yake cutarwa: saƙon ya makara, ko ƙaramin shafin ya tsaya fari fat bai buɗe ba. A yi sayayyar a inda intanet ke da ƙarfi, wayar da ke ɗauke da layin da aka yi rajistar asusu da shi tana hannu, ba tana wajen wani yaro a shago ba. Idan shafin bankin bai buɗe ba, a duba ko burauza ce ke toshe ƙananan shafuka, a sauya wata, ko a bar waya a koma kwamfuta, ko a gwada manhajar kamfanin jirgin maimakon shafinsa. Wanda kuma zai sayi tikitin dawowa bayan ya isa can, ya tuna cewa lambar za ta ci gaba da zuwa layinsa na Najeriya ne. Da yawa sukan cire layin su sa na Saudiyya tun a filin jirgi, sai ranar biya su rasa lambar. A tabbatar layin yana karɓar saƙo a waje, ko a roƙi banki ya haɗa da imel, ko a tafi da 'yar na'urar token ta banki mai fitar da lambar, kuma duk wannan a gama shi kafin a bar Sakkwato.

Ƙofa ta uku, wato kamfanin jirgin, ita ce mai wuyar sha'ani, domin ba ta faɗin dalilinta. Abin da ke hannun mai saye shi ne ya kawar da duk abin da zai jawo zargi. A kashe VPN, wato manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, saboda kati na Najeriya da kwamfutar da ke nuna tana Holan abu ne da na'ura ba ta yarda da shi. A rubuta sunan mai kati daidai yadda yake a jikin katin, sunan matafiyi kuma daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Wanda fasfonsa ya ce Mohammed kada ya rubuta Muhammadu don haka ake kiransa a gida. Adireshin da ake nema a wajen biya shi ne wanda banki ya sani, ba na otal ɗin da za a sauka ba, kuma a zaɓi Najeriya a jerin ƙasashe tun farko, in ba haka ba gurbin lambar gidan waya zai ƙi karɓar tamu mai lamba shida, wadda ta birnin Sakkwato ke farawa da 840. Mai katin dala na waya ya duba cikin manhajar, zai ga adireshin da aka haɗa wa katin, sau da yawa na Amurka ne, kuma shi zai rubuta. Lambar waya a fara ta da +234, a jefar da sifirin farko.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne a ji alat ya shigo, kuɗi sun fita, tikiti bai zo ba. Kada a yi gaggawar sake saye. A duba imel har da akwatin tarkacen saƙonni, a shiga asusun da aka buɗe a shafin jirgin a duba jerin tafiye-tafiye, domin wani lokaci tikitin ya fito, saƙon ne ya makara, kuma wanda ya yi garaje sai ya tashi da tikiti biyu, ga shi na rangwame galibi ba a mayar da kuɗinsa. Idan babu tikiti ko'ina, yawanci riƙe kuɗin aka yi ba a karɓe su ba, kuma sukan dawo da kansu bayan kwanaki. A ɗauki hoton allon da ya nuna gazawar, a adana alat ɗin, idan kuɗin sun daɗe a kai wa banki ƙorafi a rubuce, a karɓi lambar ƙorafin.

Jirgin da mutanenmu suka fi hawa a waje shi ne na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Madina, tafiyar kimanin kilomita 450, yana tsayawa a Jidda da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz, yana kuma gudun da ya kai kilomita 300 a awa, ta yadda tafiyar ba ta cika wuce awa biyu da rabi ba. Ana sayen tikitinsa a shafinsa ko manhajarsa da lambar fasfo, da riyal, kuma da yake an ɗaure riyal da dala a kan 3.75, mai katin dala zai iya lissafa abin da za a cire masa tun kafin ya danna. A watan azumi, musamman goman ƙarshe, kujeru kan ƙare da wuri. A lura cewa agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu, kuma jirgin yana da ƙa'ida a kan girma da nauyin kaya, don haka mai manyan jakunkunan tsaraba ya karanta sharuɗɗan kafin ya biya.

Indiya ta fi kowa wahalarwa. Dole a yi rajista a shafin IRCTC, kamfanin da ke sayar da tikitin jiragen ƙasa na ƙasar, a tantance imel da lambar waya, kuma mai lambar ƙasar waje sai ya biya ɗan kuɗin rajista, wanda shi kansa da kati ake biyansa. A wajen biyan tikiti akwai hanyoyi da yawa a jere, amma sai an zaɓi wadda aka ware wa katunan ƙasashen waje, sauran na 'yan ƙasa ne. Tun watan Nuwamban 2024 ana buɗe sayarwa ne kwana 60 kafin tafiya, a da kwana 120 ne. Shafin kan rufe na ɗan lokaci da tsakar darensu domin gyara, wanda ya yi daidai da wajen ƙarfe bakwai da kwata zuwa kusan takwas na dare a nan, lokacin da mutum ya dawo daga masallaci ya zauna zai yi sayayyar. Mai raka marar lafiya kuma ya duba matsayin tikitin: wanda aka rubuta wa WL yana layin jira ne, bai samu kujera ba tukuna. A Sin, ana fara sayarwa kwana 15 kafin tafiya a shafin 12306 na kamfanin jiragen ƙasa na ƙasar, fasfo shi ne tikiti a ƙofar shiga, kuma baƙi da yawa ta Trip.com suke saye don sauƙin biya.

A Turai zaɓi ya fi yawa. Idan shafin SNCF na Faransa ko na Deutsche Bahn na Jamus bai karɓi kati ba, ana samun tikitin jirgin nan ɗin a wajen dillalai irin su Trainline, Omio da Rail Europe, waɗanda ke da tasu hanyar karɓar kuɗi, a kan ɗan ƙarin lada. PayPal ma yakan wuce a inda kati kai tsaye ya ƙi, amma da yake daga katin zai ciro kuɗin, iyakar banki tana nan. A Ingila a zaɓi tikitin da ke zuwa waya, domin na takarda da ake karɓa a na'urar tasha yakan nemi a zura katin da aka biya da shi.

Wannan na ƙarshe shi ne abin lura idan ɗan'uwa da ke zaune a waje ne zai biya da nasa katin, hanyar da take halatta a yawancin kamfanoni matuƙar sunan matafiyi ne a kan tikitin, kuma ya turo shi ta imel. Haka ejan ɗin Umara mai rajista zai iya haɗa tikitin jirgin cikin kuɗin tafiya, sai dai a nemi ganin tikitin da lambarsa kafin a tashi. Abin da ba a yi shi ne miƙa kati ga mai shagon kwamfuta ko wani da aka haɗu da shi a WhatsApp ya ce yana da hanyar tikiti mai araha, balle a karanta masa lambobi ukun bayan kati da OTP. Idan duk hanyoyin sun toshe, tashoshin suna da wurin sayar da tikiti, kuma katin da ya ƙi a intanet sau da yawa yakan yi aiki a na'urar tasha da lambar sirri. A dai isa da wuri, a riƙe fasfo da tsabar kuɗin ƙasar, a kuma sa a rai cewa farashin ranar tafiya zai iya fin wanda aka gani a gida.