Canza man giya a motar gudu: kurakuran da ke sa a ɗora wa mai laifin da ba nasa ba

Za ka ji mai mota yana cewa, "Lafiya lau giyata take, sai da na canza mata mai ta fara fizga." Daga nan ya yanke hukuncin cewa man giyar otomatik ba a taɓa shi. In ka bi diddigi kuwa, sai ka tarar ko dai an zuba man da ba nata ba, ko kuma an bar ta da ƙishirwa. Zan yi magana ne a kan giyar kamfanin ZF na Jamus, wato 6HP mai giya shida da 8HP mai giya takwas, domin su ne a cikin motocin gudu da dama da ke shigo mana: BMW Z4 da 335i, Jaguar F-Type, Dodge Challenger na baya-bayan nan, har da Toyota Supra da ta dawo kasuwa a 2019.

Kuskuren farko ma ba a gareji ake yin sa ba, a cikin kai yake. BMW ta daɗe tana cewa man da ke cikin giyar na har abada ne. Amma ZF da ta ƙera giyar ta taɓa ba da shawarar a canza shi tsakanin kilomita 80,000 zuwa 120,000, ko bayan shekara 8, musamman ga motar da ke shan wahala. Motar da ake taka wa totur, ta tsaya a gosulo cikin ranar Afrilu, ai wahala ta gama shan ta. Kuma wadda ta zo daga waje a matsayin ta hannu, ka ɗauka ba a taɓa canza mata ba sai in ka ga takarda.

Sai batun sayen mai. Sunan mota ba ya gaya maka giyar da ke cikinta. Akwai BMW 328i masu giyar kamfanin General Motors (GM) wadda ke shan mai samfurin Dexron VI, ga Z4 35i mai giya bakwai ta kuloci biyu, wadda manta daban ne gaba ɗaya. Ka leƙa ƙarƙashi ka karanta allon da ke jikin giyar kafin ka fitar da kuɗi. 6HP na son man ZF mai suna LifeguardFluid 6, 8HP kuma LifeguardFluid 8, ko wani man da aka rubuta a jikin galansa cewa ya dace da wannan giyar. Mai shago zai ce maka ai duk jan mai ɗaya ne. Ka yi masa murmushi ka wuce, don man 8HP na asali ma ba ja ba ne, launinsa ya fi karkata ga kore. Kuloci na cikin giyar an auna su ne da santsin wani mai takamaimai. In ka sauya, shigar giya za ta koma ko dai da bugu ko da suluɓi. Man da aka ɗura a gorar ruwa, ko galan da murfinsa ya nuna alamar an taɓa buɗewa, bar shi a nan.

Akwai wani kuskure mai ban takaici da sauƙinsa: a kwance notin zubarwa kafin a gwada notin ɗurawa. Waɗannan giyoyi ba su da geji, wato sandar awon mai, ta wani rami a gefen giyar ake zuba mai. In ka tsiyaye tsohon mai sannan ka tarar notin gefen ya cije ko bakinsa ya cinye, motarka ta kwana a gareji ke nan. Fara sassauta na gefe, sannan ka taɓa na ƙasa.

Filta kuma a yawancinsu manne take da kwanon roba da ke ƙasan giyar, ba a raba su. Duk da haka za ka ga an wanke kwanon da fetur an shanya a rana an mayar. Dattin yana cikin filtar, wanki ba ya kai masa. Sabon kwano ake saye, ya zo da gasket ɗinsa da maganaɗisu. Kafin ka jefar da tsohon, dubi maganaɗisun nan: laushin toka-toka kamar kwalli ba komai ba ne, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko man ya yi baƙi yana warin ƙuna, to ciwon ya riga ya shiga, sabon mai ba zai warkar da shi ba. Gara ka sani tun yanzu.

Wajen ɗaure kwanon, ƙarfin hannu ɓarna yake yi. Kwanon roba na 6HP awon ɗaurinsa Nm 10 ne kacal (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), kuma bi da bi ake ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe, ba a gama ɗaya a matse shi kafin a je na gaba. Yaron gareji da ya saba da notin taya zai fasa shi ko ya lanƙwasa bakinsa, washegari ka ga ɗigo a ƙasa. Gam ɗin gasket ma ba ya da aiki a nan. Tunda an sauke kwanon, a 6HP ka canza robar da ke zagaye da soket ɗin wayoyin giyar, don ta yi suna wajen yoyo kuma sai an sauke kwano ake iya cire ta.

To, ga inda giya ta fi mutuwa: awon mai.

Giyar na ɗaukar kusan lita 9, amma abin da zai fito in ka sauke kwano bai fi lita 5 zuwa 6 ba, sauran yana maƙale a cikin kombata (na'urar da ke haɗa inji da giya) da bututun sanyaya mai. Abin da aka saba yi shi ne a ɗura har man ya fara dawowa ta ramin gefe, a ɗaure, a ce an gama. Ba a gama ba. In inji a kashe yake, man duk ya sauko ya taru a kwano, shi ya sa ramin ke cika da wuri. Da zarar an tayar da mota famfo zai janye shi sama, kwanon ya rage saura kaɗan. Motar za ta tafi, amma za ka sa D ta yi jinkiri kafin ta kama, in kuma ka sha kwana da gudu man ya tattara gefe guda, famfon ya zuƙi iska, kuloci su yi ta suluɓi suna ƙonewa a hankali.

Yadda ake yi: ɗura da inji a kashe har ya dawo, mayar da notin, tayar da mota. Ƙafa a kan birki, ka bi P, R, N, D kana tsayawa 'yan daƙiƙoƙi a kowanne, ka dawo P. Injin na aiki ka sake buɗe notin, ka ci gaba da ɗurawa har man ya riƙa fitowa siriri kamar zare, sannan ka ɗaure. Kada wani ya kashe injin notin na buɗe, man zai kwararo maka a hannu. Salansa ma na kusa da wurin, ka kiyayi damtsenka.

Duk wannan sai zafin man yana tsakanin digiri 30 zuwa 50, kuma kwamfutar da ake jona wa mota ce ke faɗa, ba tafin hannu ba. Mai yana kumbura in ya yi zafi, don haka wanda ya auna a digiri 70 zai ga ya cika alhali bai cika ba. Nan ne yanayinmu ke yi mana tarko. A Kano ko Maiduguri da bazara, iskar gari kanta tana haura 40 da rana, ga mota ta iso gareji da zafinta. Kafin ka gama bin giyoyi ka wuce 50. Ni dai shawarata, motar ta kwana a garejin, a yi awon da sassafe. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: kada a bar giyar a buɗe iska na kaɗawa, kada a goge cikinta da tsumma mai zubar da zare.

Motar kuma dole ta tsaya daidai. Motar gudu ƙasa-ƙasa take, sai a ɗaga gabanta kawai da jak don mutum ya samu shiga. Giyar ta karkata, awon ya tashi a banza, ga haɗarin kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Rami ko na'urar ɗaga mota ya fi. In babu, a tokare kusurwa huɗu a tsayi ɗaya.

Bayan an gama, a yi zagaye a hankali har giyar ta ɗumama sosai, don wasu motocin bututun sanyaya mansu ba ya buɗewa sai man ya yi zafi, kuma in ya buɗe zai sha nasa kason. A bar ta ta huce, a sake awon kamar na farko. Mai kwamfuta zai so ya goge abin da giyar ta koya game da kulocinta, wai don ta koma sabuwa. In canjin mai kawai aka yi, ka ce masa ya bari. Da kanta za ta daidaita cikin 'yan kwanaki na tuƙi, kuma a kwanakin nan ka ɗan sassauta wa totur.