Yadda Ake Zaɓen Kiɗe-kiɗen Zaman Fiyano na Farko

Duk ɗalibin da ya zo gidana a Barnawa da maganar yana so ya zauna shi kaɗai ya kaɗa fiyano a gaban jama'a, takarda da biro nake fara miƙa masa. Sai in ce ya rubuta mini kiɗan da zai iya kaɗawa yanzu-yanzu, da ka, ba tare da ya kalli takarda ba. Wanda yake burin iyawa wata rana ba ya cikin lissafi. Da wuya jerin ya wuce uku ko huɗu, kuma a kan wannan ɗan jerin ake ɗora komai.

Da tsada na koyi wannan. Akwai wata yarinya daga Narayi, mai hannu ƙwarai, da ta nace sai ta rufe zamanta da kashi na uku na sonatar Moonlight, wani dogon kiɗan fiyano mai kashi-kashi da Beethoven ya rubuta a 1801. Kashin nan gudu ne tsagwaronsa. A ɗakina takan kai ƙarshensa sau biyu cikin uku, ni kuma na biye mata. Ranar taron hannunta ya yi sanyi, ta kai tsakiya ta tsaya cak, iyayenta na zaune a layin gaba. Laifina ne, don na san ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ranar na kafa doka: kiɗan da ya fi wuya a shirinka, ya zama ya zauna a hannunka wata uku kafin taro. Tsoron idon jama'a yana cinye wani kaso na ƙwarewar mutum, sai ka shiga da rara.

Kafin ka yanke shawarar ƙarshe, taka da ƙafarka ka je ka ga abin da za ka kaɗa. A Kaduna wannan ya fi komai. Cikakken fiyano maɓallai 88 gare shi, amma a yawancin majami'u da ɗakunan taronmu kibod za ka tarar, sau da yawa mai maɓallai 61, marasa nauyi, wani ma babu feda, wato abin da ake takawa da ƙafa don sauti ya daɗe yana amo. In shi ne rabonka, ka bar sonatar Pathétique ta Beethoven, don hannun hagu yana sauka ƙasa da inda kibod ɗin ya ƙare. Ka bar Clair de lune na Debussy, don ba tare da feda ba sautinsa yankewa yake yi kamar maganar mai haki. Koma wa Bach da Scarlatti, waɗanda aka haifa shekara guda, 1685, suka kuma yi rubutu don kayan kiɗan da ba su da fedar riƙe sauti. Scarlatti kaɗai ya bar gajerun sonatoci 555, ba za ka rasa wadda ta dace da hannunka ba. In kuwa ka yi sa'ar fiyanon katako, ka tuna busasshiyar iskar hunturu tana sa katako ya tsuke, sauti ya kauce. A kira mai saiti cikin makon taron, kada a yi wata guda kafin nan. Mai kibod kuma ya tambayi inda za a ajiye janareta, don ƙararsa tana haɗiye duk wani kiɗa mai taushi.

Tsawon zama: minti arba'in zuwa hamsin ba hutu ya wadatar. Nakan fara ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar, a tashi kafin magariba, masu sallah su samu jam'i, masu tsallaka gada zuwa Kawo ko masu komawa Sabon Tasha su isa gida da sauran haske. Ka auna kowane kiɗa da agogo, ka ƙara lokacin tafi da na magana.

Sai tsari. Al'adar mutum ɗaya ya riƙe taro shi da fiyano kaɗai, Liszt ne ya yaɗa ta, da zamansa na Landan a 1840 da makamantansa. Daga baya aka saba jera kiɗan bisa zamani, daga Bach zuwa Mozart da Beethoven, sai su Chopin, sai na baya-bayan nan. Tsari ne mai kyau, amma ni abin da na fi dubawa shi ne aikin da kowane kiɗa zai yi a wurinsa.

Na farko aikinsa kwantar da hannu. Kiɗan share fagen nan da aka gina a kan sautin C, wanda Bach ya fara littafinsa na 1722 da shi, minti biyu ne kacal, yana tafiya a hankali, yana ba ka damar jin ɗakin da nauyin maɓallai. Kada ka fara da fuga, wato irin kiɗan da muryoyi uku ko huɗu ke bin sawun juna. In ɗaya ta kuɓuce maka a minti na farko, komawa hanya sai an sha wuya.

A tsakiya ka sa babban kiɗa guda ɗaya, shi ne tuwon zaman. Ga mai matsakaicin hannu, sonatar Mozart mai lamba K. 545, ta 1788, ta isa, minti goma ko kusa da haka. Shi da kansa ya rubuta cewa ta 'yan koyo ce, amma kada wannan ya sa ka raina ta, ba ta da inda kuskure zai ɓuya. Wanda ya yi nisa kuma yana da cikakken fiyano, Pathétique ta kusan minti ashirin. Ka lura da abu ɗaya: Bach ɗin nan da Mozart ɗin nan duk a kan C suke. In ka haɗa su kai da kai kunne zai gundura, ko da mai sauraro bai san dalili ba. Raba su da sonatar Scarlatti K. 9, wadda ke kan D mai ɗan juyayi.

Kuskuren da na fi gani shi ne tara masu sanyi wuri guda. Kowa yana son Träumerei na Schumann, da Nocturne na Chopin mai lamba 9 na biyu, da Clair de lune. Jera su uku a bayan juna cikin zafin watan Afrilu, ka ga yadda kawuna za su fara langaɓewa. Ɗaya ko biyu sun isa, da mai motsi a tsakaninsu.

Abin da nake roƙon kowa, kada a tashi taro a Kaduna ba a ji kiɗan gida ba. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya daɗe yana nuna cewa ana iya kaɗa fiyano da tunanin ganga, kuma Scenes from Traditional Life shaida ce. Joshua Uzoigwe ya rubuta Talking Drums, inda kashin Ukom ya samo asali daga gangunan ƙasar Ibo. Yana da wuya, sai wanda ya ƙoshi. Fred Onovwerosuoke yana da darussa 24 a kan kiɗe-kiɗen Afirka, kuma William Chapman Nyaho ya tattara kiɗan fiyano na Afirka cikin kundi biyar, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Tsofaffin takardun su Bach kyauta suke a intanet, amma waɗannan a saya, haƙƙin masu su ne. Na taɓa ganin wani dattijo da ya zauna shiru duk tsawon Mozart, da aka shiga Ukom sai kafaɗarsa ta fara motsi. Bayan an tashi ya riƙe hannun yaron da ya kaɗa ya ce, “Ɗana, ashe abin nan yana magana kamar kalangu?” Irin wannan kiɗan nake ajiyewa a ƙarshe.

Kafin kowane kiɗa ka miƙe ka yi jimla biyu da Hausa: wa ya rubuta, me za a saurara. Ka gaya musu babbar sonatar, ta Mozart ko Pathétique, kashi uku ce. In sun yi tafi a tsakani, ka yi murmushi ka jira, son ka ne ya kawo su.

Ka tanadi gyara, gajere, wanda ba ya cikin takardar shiri. Ɗalibaina da yawa sukan ɗauko wata waƙa daga Littafin Waƙoƙi su tsara ta da kansu, wasu kuma karin wata waƙar gaɗa da kowa ya tashi da ita.

Mako biyu kafin ranar, ka sa tufafin da za ka sa, har takalmin, don feda ba ta jin daɗin sabon takalmi. Ka tara mutum biyar a falo, ka kaɗa shirin daga farko har gyara ba tsayawa, wayarka tana ɗauka. Washegari da safe ka saurara da biro a hannu. Kiɗan da ya yi tangal-tangal a falo, cire shi, ka matso da na kusa da shi.