Babi Na 7: Tsara Wurin Shaƙatawa Da Hanyar Ƙafa A Bakin Kogi

Toh jama'a, iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Kayan aikin wannan babin ba su da yawa: littafin rubutu, fensir, magogi, rula, sai tef ɗin awo, in babu tef a samo igiya a auna ta mita 10 a ƙulle bakinta biyu. Fensir na ce, a ajiye biro, don za mu yi ta gogewa. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna kada ya ji kunya, ya zauna kusa da wanda ya ɗan fi shi sauri.

Darasi na 1: Karanta taswira

Taswira hoton wuri ce kamar yadda tsuntsu ke ganinsa daga sama. Ku shimfiɗa ta ku nemi 'yar kibiya a gefe, inda kibiyar ta nuna nan ne arewa, kuma yawanci sama take kallo. Ku juya takardar har kibiyar ta kalli arewa ta gaske. Layin shuɗi shi ne kogin. A ƙasan takardar za ku ga lamba kamar 1:1000, ana ce mata sikeli, ma'anarta santimita 1 a takarda mita 10 ce a ƙasa. In kuma 1:500 aka rubuta, santimita 1 mita 5 ce. Ku ɗora rula. Wanda ya samu santimita 4 a taswirar 1:1000, mita nawa ke nan? 40. Madalla, kun ga ba wuya. Yanzu a rufe taswirar, kar kowa ya ja ko layi ɗaya.

Darasi na 2: Tambayar mutane

Nan ne kowane aji da na koyar yake tuntuɓe, don haka nan za mu daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Bakin kogi da masu shi tun kafin mu zo da takardarmu. Akwai masu kamun kifi, masu wanki, masu shayar da dabbobi, masu noman gefen ruwa, yara masu wasa, tsofaffi masu shan iska da yamma, ga kuma waɗanda gidajensu ke kusa, su ne za su sha hayaniya in wurin ya cika. Duk sai an je an same su inda suke, a lokacin da suke da sarari. Kiran taro ɗaya a ɗaki ba ya isa, saboda masu baki ne kaɗai za su yi magana, mai wanki kuwa tana can tana aikinta ba ta ma san an yi ba.

Ku buɗe sabon shafi. A sama ku rubuta kwanan wata. Ƙasa da shi ku rubuta aikin da mutumin yake yi a bakin kogin, ba sai an sa sunansa ba in ba ya so. Sai tambayoyi 3 kacal. Me kake yi a nan kuma da wane lokaci? Ina ruwa yake kaiwa in kogi ya cika? Me kake tsoro in an yi wurin shaƙatawa a nan?

Toh ga wurin. Abin da mutum ya faɗa shi za ku rubuta, da kalmominsa. In ya ce "ruwa yana kaiwa gindin wancan babban icen", ku rubuta ruwa yana kaiwa gindin wancan babban icen. Kada ku rubuta "ya ce akwai ruwa". Kada ku rubuta "ya yarda". In kun gama sai ku karanta masa abin da kuka rubuta da ƙarfi, ku ce haka ka ce? In ya ce a'a ku goge ku gyara, amfanin fensir ke nan.

Mu sake. Ku tambaya, ku yi shiru ya gama, ku rubuta maganarsa, ku karanta masa. Na san rubutun yana ɗaukar lokaci kuma mutum yana tsaye yana kallon hannunku, zuciya sai ta ce taƙaita kawai ka wuce, toh kada ku biye mata, ku ce masa dakata kaɗan ina rubutawa, ban taɓa ganin wanda ya ji haushi don ana rubuta maganarsa da kyau ba, daɗi ma yake ji.

Wani aji da na taɓa koyarwa sun zana hanya mai kyau ƙwarai, har aka kafa turaku, ruwan farko da ya sauko ya shafe rabinta. Da muka koma littafinsu sai ga shafin wani dattijo mai kamun kifi, abin da aka rubuta duka-duka "ba shi da matsala". Muka je muka same shi ya ce ai ya gaya musu wurin yana nutsewa duk shekara, kawai dai daga ƙarshe ya ce Allah ya ba da sa'a, shi ne suka ɗauka amincewa ce.

Don haka a karanta wa mutum. Haba jama'a, jiya na duba littattafanku, mutum 2 kawai suka yi alamar sun karanta wa wanda suka tambaya, sauran kowa ya rubuta ra'ayin kansa ya manna wa bayin Allah. In haka za a yi ai gara mu zauna a inuwa mu ƙirƙira. Ban ce don in ɓata wa kowa rai ba, na san kuna iyawa. Gobe kowa ya kawo shafi 5, kuma a ƙasan kowane shafi a rubuta "na karanta masa" ko "na karanta mata". Mata a tabbata an ji nasu daban, yara ma haka.

Kuma in maganar mutum biyu ta saɓa, kada ku zaɓi wadda ta yi muku daɗi, a rubuta duka biyun.

Darasi na 3: Alamar ruwa

Yanzu a ɗauki littafin a bi gaɓar kogin da ƙafa. Ku duba jikin itatuwa, za ku ga inda laka ta bushe ta bar zobe, ko ciyayi da leda sun maƙale a reshe, ruwa ya taɓa kaiwa nan. Ku gwada da abin da mutane suka faɗa muku, in akwai bambanci ku ɗauki wanda ya fi nisa da kogin. A kafa turke, a sa ɗigo a taswira, a haɗa ɗigogin da layi. Benci, banɗaki da duk wani gini sai bayan wannan layin.

Inda kogi ya yi kwana ku lura sosai. Gefen waje ruwa ya fi gudu kuma yana cin gaɓa, gefen ciki kuwa yashi yake tarawa. Kada a kai hanya dab da gefen waje. Itatuwa da ciyawar da ke gaɓar a bar su, saiwarsu ce ke riƙe ƙasa, inda ya zaizaye ana iya dasa jema don saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai.

Wanda bai karanta wa mutanensa ba a darasi na 2, layinsa ba abin dogaro ba ne, ya koma.

Darasi na 4: Faɗin hanya

Hanyar ƙafa kada ta gaza mita 1.8 don keken guragu biyu su iya wuce juna. In za a haɗa da masu keke, mita 3. Hawa kuma kada ya wuce mita 1 a cikin tafiyar mita 20. A ɗan karkata hanyar kaɗan don ruwa ya zurare. Inda za ta tsallaka magudana ana buƙatar kwalbati ko 'yar gada, wannan aikin injiniya ne, ku dai ku sa alama.

Darasi na 5: Benci da shara

Benci a inuwa, yana kallon ruwa. Kwandon shara kusa da shi da kuma bakin shiga. A rubuta wa zai riƙa kwashewa.

Darasi na 6: Mayar da zane

A kai zanen wurin mutanen da aka tambaya su gani kafin a miƙa wa hukuma. Abin da suka ce a rubuta, a karanta musu. Kun dai san yadda ake yi.