Stand ba "tsaya" ba ce kawai, ga inda muke tafka kuskure

Zuwana Legas na farko ina cikin danfo daga Oshodi zan sauka Agege, muna isowa daidai inda zan sauka na ɗaga murya da ƙarfina nace "driver, stand here!" Wallahi direban ko waiwayowa bai yi ba, wata mata da ke kusa dani ta kalle ni sama da ƙasa ta ƙyalƙyale da dariya, kwandasta ne ya gane nufina ya buga jikin motar, amma kafin nan mun wuce wajen da nisa sai da na tako a ƙafa na dawo. Daga baya ne na gane su can "owa" ma suke cewa da Yarbanci, in kuma turancin kake so to "stop here" ne. Abinda ni na faɗa wa direban kuwa shi ne ya zo nan ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa, mutumin da ke riƙe da sitiyari.

Kuma ba laifina bane ni kaɗai, tun firamare aka ɗora mu a kai. Malam na shigowa monita zai ce "class stand", duk mu miƙe mu ja "good moooorning sir", daga ranar ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa stand ita ce tsaya, ta rufe littafi. Matsalar ita ce tsaya ɗin tamu babbar riga ce, abubuwa da yawa ne a cikinta waɗanda bature ya rarraba kowanne da kalmarsa. Mutum ya tsaya a ƙafarsa, wannan ne stand. Mota ta tsaya, agogo ya tsaya, inji ya tsaya, jini ya tsaya, duk waɗannan stop ne. Tsaya ina zuwa, tsaya in gama, wannan kuma wait ne. To mu sai mu kwashe ukun mu zuba a buhun stand.

Shi yasa zaka ga saƙo a WhatsApp "I am standing for you at the gate", yana nufin ina tsaye ina jiranka a bakin get. Gyaran shi ne "I am waiting for you at the gate", ko da kuwa da gaske a tsayen kake, rana na dukanka. In dole sai ka nuna masa wahalar tsayuwar da kake sha to kace "I am standing at the gate, waiting for you". Haka "my watch has stood", babu wannan, "my watch has stopped" ne. Ka tsayar da mai adaidaita a titi, "I stopped a keke". Ɗan sanda ya tsayar da kai, "he stopped me". Dabarar da nake ba yaran da nake yi wa lesin ita ce kafin ka ce stand ka tambayi kanka, abin nan da yana tafiya ne ya daina? In eh, stop. Wani abu ake jira? Wait. Sai in maganar ƙafa ce da miƙewa sannan stand ta shigo.

Akwai ma wasu tsaya ɗin da ko ɗaya cikin ukun nan ba ya ɗauka, su ne suka fi ban dariya in aka juya su kai tsaye. Wata ya tsaya, ba za ka ce "the moon has stood" ba, "the new moon has been sighted" ake cewa. An tsayar da ranar biki, "they have fixed the date". Ya tsayar da gemu, "he has grown a beard", don Allah kar ka ce ya yi stand ɗin gemu. Ƙashin kifi ya tsaya min a wuya, "a fish bone is stuck in my throat". Jam'iyya ta tsayar da ɗan takara, "the party fielded a candidate" ko nominated. Kaga kowacce da hanyarta.

Ita ma "tashi" tana janyo mana. Mun haddace stand up tashi ne, sai mutum yace "I stood up at 5 o'clock" wai ya tashi da asuba. In farkawa kake nufi "I woke up", in barin shimfiɗa ne "I got up". Stand up na wanda yake zaune ne ya miƙe, shikenan. Jirgi ya tashi took off, mota ta tashi daga tasha left, an tashi daga makaranta closed, ba ruwan stand da su.

Toh yanzu bari mu juya ta ɗaya ɓangaren, inda ita stand ɗin ke shiga lungunan da tsaya bata taɓa zuwa ba, nan ne ma aka fi jin kunya don kai kana ganin ka gane alhali ba ka gane ba.

Wani ɗan yayata da ya gama sakandare ya je kafe duba sakamakonsa, ya dawo gida da gudu yana haki, takarda a hannu, wai Kawu zo ka gani lissafi na ci har sun rasa makin da za su bani. Na karɓa na duba, gaban darasin an rubuta "outstanding". Mamansa har ta fara guɗa, ƙannensa na tsalle a tsakar gida. Ni kuma na rasa ta inda zan fara, don yaron bai yi ƙarya ba, a makaranta in malam ya rubuta maka outstanding a rifot kad to ka yi fice ne, ka zarce sa'o'inka. Amma kalmar fuska biyu gareta. A takardar sakamako irin wannan ma'anarta sakamakon darasin bai fito ba tukuna, ana kan aikinsa. Ita ce dai wadda ke cikin "outstanding balance" na banki da "outstanding salary" da ma'aikata ke bi, wato abinda ya rage ba a biya ba. Na zaunar dashi na yi masa bayani a hankali, guɗa ta koma jugum. In ka ga outstanding kusa da mutum ko aikinsa, yabo ne. In ka ganta kusa da kuɗi, bashi, bil ko a takardar sakamako irin ta yaron nan, to saura ne, ka shirya jira ko biya.

Sai "I can't stand him". Da yawa in suka ji wannan a fim sai su ɗauka ba zai iya tsayawa kusa dashi ba, ko ba zai iya karawa dashi ba. A'a, cewa yake ba na ƙaunar ganinsa, ba zan iya jure shi ba. "I can't stand this heat", zafin nan ya ishe ni, wanda duk ya yi watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san wannan jimlar ko bai iya turanci ba. In aiki ne zai biyo baya yawanci da ing yake zuwa, "I can't stand waiting". Amma kula, in tsoho yace "I can't stand" kawai ya yi shiru bai ƙara komai ba to wannan ƙafa ce ke ciwo, a kawo masa kujera.

Babban sirrin kalmar nan dai yana wajen ƴar ƙaramar kalmar da ke bin bayanta, ita ce ke juya akalar. Stand for kaɗai ma kala uku ce. INEC stands for Independent National Electoral Commission, wato abinda haruffan ke nufi. Stand for election, tsayawa takara, nan kam mu da turawan Ingila bakinmu ɗaya, su ma tsayawa suke yi, Amurkawa ne ke cewa run for office, su gudu suke yi, ƴan Najeriya kuma mun fi cewa contest, duk daidai ne. Ta ukun "I won't stand for this", ba zan lamunci wannan ba. Abinda stand for bata nufi shi ne "tsaya min" irin na wanda ya shiga matsala. In kana so kace abokina ya tsaya min lokacin da nake cikin wahala, "he stood by me". In kare ka ya yi a gaban masu zaginka, "he stood up for me". In shi ne ya tunkari mai ƙarfi ido da ido bai ji tsoro ba, "he stood up to him", dubi yadda for da to kaɗai suka raba ma'ana. In beli ya tsaya maka a kotu ko wajen ƴan sanda, "he stood surety for me". In kuma wakiltarka ya yi ranar da baka nan, "he stood in for me".

Akwai wata muguwa a nan, "she stood me up". Ba miƙar da kai ta yi ba ɗan'uwa, alkawarin haɗuwa kuka yi ta shanya ka bata zo ba.

Ina nan a kan bakana, mu kan ce "I stand on my words" saboda "a kan" ɗin nan na Hausa. Za a gane ka, amma abinda aka saba shi ne "I stand by my words" ko "I stand by what I said". Sannan ga wadda manya ma ke cakuɗawa a taro, har masu digiri. "I stand corrected" ana faɗinta ne bayan an gyara maka, kana cewa na yarda na yi kuskure. Wanda yake so yace in na yi kuskure a gyara min, "I stand to be corrected" zai ce, ko mafi sauƙi "correct me if I am wrong". Na sha ganin mutum ya kawo hujja da zafinsa ya rufe da "I stand corrected", bai san ya sallama tun kafin a fara musun ba.

Masu zuwa kotu su ma su kula. In alƙali yace "the case is stood down" ba korar ƙara aka yi ba, ba kuma ɗagewa zuwa wata rana bane, ajiye ta aka yi na ɗan lokaci za a sake kira yawanci a ranar, wanda ya kama hanyar gida zai iya jawo wa kansa. Ɗagewa zuwa wata rana adjourned ne. In mutum ne ya yi stand down ko step down to janyewa ya yi ko ya sauka daga muƙami, kamar yadda Tambuwal ya janye wa Atiku a zaɓen fidda gwani na PDP a Abuja a watan Mayun 2022. Stand trial kuma gurfana ne gaban shari'a. A majalisa standing committee ba kwamitin da ke taro a tsaye bane, na dindindin ne, standing orders kuma dokokin zaman majalisar, amma a banki standing order umarni ne ka basu su riƙa cire wani adadi suna turawa duk wata.

Ƴan gidan kallon ƙwallo ku kun riga kun iya wata ba tare da kun sani ba. Tun da aka kawo VAR, wato bidiyon da ke taimaka wa alƙalin wasa, a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, Firimiya kuma ta ɗauka a kakar 2019, in aka gama dube-dube mai sharhi yace "the goal stands" kowa ya san ƙwallo ta ci, ba a soke ba. Ita ce dai a "my offer still stands", tayina yana nan. "As it stands", yadda abubuwa suke a yanzu. "They don't stand a chance", ba su da ko alamar nasara.

Nahawunta ba wuya. Stand, stood, stood, babu standed a duniya. Ƴaƴanta ma haka, understand understood, withstand withstood. Bayan did kalma na komawa asalinta, saboda haka "did you understood" kuskure ne, "did you understand" ne. Kuma "I am understanding you" ba a cika faɗa ba, "I understand" ta wadatar. Wajen furuci kuma harshenmu baya son baƙi biyu a jere sai mu cusa wasali muce sitan, mu haɗiye d ɗin ƙarshe, ka gwada fara ta da sss kamar kana kiran mai sayar da ruwa sannan ka ɗora tand.

Wani abu da ya burge ni, wannan ɗabi'ar tamu ta ƙin baƙi biyu a jere ce ta haifi kalmar tasha, daga station aka aro ta, ita kuma station daga Latin ta fito, tushenta ɗaya da stand, wato wajen tsayawa. Har "stan" ɗin da ke ƙarshen Pakistan da Afganistan daga tsohon tushen nan yake, ta hanyar Farisanci.

Sai upright, wadda wasu ke ɗauka stand ce aka yi mata ado. Ita siffa ce ba aiki ba, ba za ka ce wa yaro "upright!" ba kana nufin ya tashi. Ana cewa "keep the bottle upright", a bar kwalbar a tsaye kar a kwantar, ko a jirgi ace a mayar da kujera upright kafin a sauka. In aka faɗe ta a kan mutum, "an upright man", to ba tsayi ko miƙewar baya ake nufi ba, mai gaskiya ne mai riƙon amana, ta ɗan yi kusa da tsayayyen mutum namu sai dai namu ya fi karkata ga wanda baya lanƙwasuwa a kan magana. Da wannan ma'anar ake fassara sunan Burkina Faso, wanda Thomas Sankara ya raɗa wa ƙasar a 1984 a madadin Upper Volta, land of upright people, ƙasar masu gaskiya. Na taɓa sa ɗalibai su fassara min wannan a lesin, mutum huɗu suka rubuta ƙasar dogayen mutane, ɗaya kuma ya rubuta ƙasar da ba a zama.