Yadda Ake Haɗa Kashi na Biyu na Fim ɗin Makashi Mai Rufe Fuska

Tun cikin minti 10 na farko ka nuna yadda makashin ya tsira, ko kuma wanda ya gaji abin rufe fuskarsa. In ka ja wannan bayani, hankalin mai kallo zai rabu biyu, tsoro ya tsere. In garin da labarin ke faruwa ƙarami ne, kowa ya san kowa, to bar zargi ya riƙa yawo tsakanin maƙwabta.

Abin rufe fuskar nan shi ne jarin fim ɗin. Kada ka sake masa kama. Bar tsagar da ya samu a kashi na farko, ka tanadi abin rufe fuskar guda 3: mai tsabta, mai jini, da mai faɗin ido don gudu da faɗa. Liƙa baƙin yadi mai shara-shara ta ciki, domin da zarar an hango ƙwayar idon ɗan wasa, kwarjinin ya zube.

Wajen jinin bogi, zuba cokali 1 na jar kalar abinci a kofi 1 na sirof ɗin masara (ruwan zaƙi mai kauri kamar zuma), da ɗigo 2 na shuɗiya. In babu shuɗiyar, jinin zai fito fayau a kyamara kamar fenti. Wuƙar roba za a riƙe wajen suka. Mai komawa cikin ƙota takan cije ta ji wa mutum ciwo.