Gasa Nama da Hayaƙi a Waje Lokacin Sanyin Amurka da Kanada

Wanda ya sauka a Minnesota ko Toronto zai tarar mutanen wurin suna da irin nasu gashin, inda ake rufe nama cikin murhu mai murfi, a bar shi yana shan hayaƙi a kan wuta kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i, saɓanin tsire da ake juyawa a bakin wuta. Ba sa fasawa don dusar ƙanƙara ta sauka, ku ma kuna iya yi, muddin kun kiyaye sharaɗi ɗaya: wutar gawayi ba ta shiga gida, ba ta shiga gareji, ko da an wangale ƙofa.

Ina jaddada wannan ne saboda mun saba shiga ɗaki da kaskon wuta a lokacin hunturu. Gidajen Amurka da Kanada a toshe suke ruf don kada ɗumi ya fita, gawayi kuwa yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, wani lokaci ba ya farkawa. Idan kun ji haka, ku fita waje, ku kira 911, lambar agajin gaggawa. Masu zama a gidan haya na bene su karanta yarjejeniyarsu, domin garuruwa da yawa sun hana kunna gawayi a baranda.

A waje kuma, iska ta fi sanyi ɓata aiki, don ita ke kwashe zafin murhu. Ku nemi wurin da katanga ta tare ta, amma ku bar tazarar mita 3 tsakanin murhu da gini. Ku tanadi gawayi fiye da na lokacin zafi, ku ajiye shi inda ba zai jiƙe ba, kuma kada ku ƙona katakon da aka yi wa fenti ko magani.

Zafin cikin murhu ya tsaya tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin Salshiyos. Ku rage ɗaga murfi, domin duk leƙen da aka yi sai wuta ta daɗe kafin ta murmure. Hayaƙi yana sa nama ya yi ja tun bai dahu ba, saboda haka ku soka ma'aunin zafi a tsokar: kaza sai ta kai digiri 74, yankan sa ko rago aƙalla 63.

Toka tana iya riƙe garwashi har kwana biyu, sai ku zuba ta a bokitin ƙarfe mai murfi, ku ajiye shi nesa da bango.